Wayar da Ban Ɗaure Ba

Yau kwana shida ke nan da abin, kuma har yanzu in tifa ta juye duwatsu a layinmu sai na ji gabana ya yanke ya faɗi. Layin namu kuwa ko'ina gini ake yi, tifa ba ta ƙarewa. Anti ta ce in daina nanata maganar tunda Allah ya tsare. To na daina faɗa mata. Na ɗauko ragowar wani littafin rubutuna na sakandare, na juyo shi ta baya, shi ne nake zubawa a nan.

A gidan Kawu nake zaune a Jikwoyi. Ƙanin mahaifiyata ne. Bara na gama sakandare, ina jiran a kafe sunayen shiga jami'a, sai Umma ta ce gara in zo Abuja in taya matarsa aiki da in zauna a gida ina hamma. Kawu injiniya ne a wata ma'aikatar tarayya, Anti ma a cikin gari take aiki. Da sassafe suke fita, don in suka makara cunkoson Nyanya sai ya riƙe su har hantsi, kuma ba sa dawowa sai an yi magariba. Da rana gidan nawa ne ni kaɗai.

A bayan kicin akwai wani ɗan ɗaki da aka yi don ajiye kayan abinci, amma Kawu ya cika shi da rediyoyi. Ba irin na jin labarai ba, irin wanda kai ma za ka yi magana a ji ka a wani gari. Yana da lasisin gwamnati a kan haka, ya sa shi a gilas ya rataye a bango. Akwai wasu abokansa masu irin wannan sha'awa, ba su da yawa, duk Asabar da safe suna gaisawa ta iska, kowa na ba da labarin eriyarsa kamar mai labarin ɗansa. Anti tana kiran ɗakin ofishin da ba albashi.

Gab da faɗuwar damina Kawu ya zo da sabuwar magana. Ya ce hadarin Abuja daga gabas yake tasowa, ta kanmu yake bi kafin ya shiga gari. In aka kafa akwati a kan tudun da ke bayanmu, ta wajen hanyar Karshi, ya riƙa auna iska da ruwa da zafi yana aikowa da kansa duk bayan minti goma, ba tare da kowa ya zauna a wurin ba, to abokansa na Karu da na cikin gari za su san abin da ke tafe tun bai iso ba.

Anti ta ce, "In sun sani su yi me?"

"Su kwashe shanya," in ji Kawu.

Ya ɗauki makonni yana haɗawa, ni ce mai riƙe masa waya da miƙo filaya. Akwatin na ƙarfe ne mai kwaɗo, a ciki akwai ƙaramin rediyo da batir da wani ɗan allo kore. A waje akwai farantin sola, baƙin gilas mai sheƙi da ke cika batirin da hasken rana, da mazurarin auna ruwa, da wasu 'yan ludayai uku da iska ke juyawa. Eriyar kuma a kan dogon bututun ƙarfe za ta zauna. Idan akwatin ya aiko saƙo, rediyon gida sai ya yi wani gajeren kuka kamar na tsanya, kwamfuta ta mayar da kukan layin lambobi. Kawu ya koya min karanta uku daga ciki, na iska da na ruwa da na zafi. Sauran ya ce in bari sai a hankali. Tun daga lokacin ya daina kiran sunana, sai Injiniya.

A kafaɗar tudun akwai ruga. Matar mai rugar ita ke kawo nono layinmu duk Talata, muna ce mata Inna, mijinta kuma Baffa. Kawu ya hau sau biyu da goro ya roƙi wuri. Baffa ya ce a kafa kusa da wani shimfiɗaɗɗen dutse, taku kaɗan daga bukkar Inna, don in aka yi nisa da mutane ɓarayi za su ɗauke batirin kafin sati. Kawu ya roƙe su abu guda, kada kowa ya buɗe akwatin ko ya taɓa wayoyi.

Ranar Asabar muka je kafawa. Muka bar mota inda hanya ta ƙare, muka hau da kaya a ka. 'Ya'yan Baffa maza suka taya mu ɗaga bututun, aka ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe, sannan suka kora shanu suka tafi. Sai abin da Kawu ya yi sati yana nanata min, wato wayar ƙasa.

Ya ce, "Duk ƙarfen da ya fi komai tsawo a kan tudu, kiran tsawa yake yi. In ta amsa, dole ta tarar da hanyar da za ta bi ta shige ƙasa. In ba ki ba ta ba, za ta nemi tata, ta kan duk abin da ke kusa."

Aka haƙa rami a gindin bututun. Kawu ya kafa sandar jan ƙarfe a ciki, muka zuba gawayi da gishiri kamar yadda masu aikin wuta ke yi don ƙasar ta riƙe danshi. Yana cikin buga sandar da guduma bayansa ya riƙe. Da ƙyar ya ja jiki ya zauna a kan dutsen, ya runtse ido, gumi na zuba.

"Injiniya, karɓi sifana. Ga wayar nan mai kauri da ta sauko daga bututun. Ki sa ta cikin maƙallin da ke jikin sandar, ki ɗaure notin har sai tafin hannunki ya yi zafi."

Na durƙusa. Hannuna duk gawayi da gumi. Ina ɗora notin ya suɓuce, ya faɗa wata 'yar tsaga tsakanin dutse da dutse a gefen ramin. Na zura yatsa, na zura tsinke, ban ko ji shi ba. Na waiwaya, Kawu idonsa a rufe, Baffa na yi masa fifita da malafa. Ba a fi sa'a guda ba da na ji shi yana gaya wa Baffa cewa wannan 'yar tasa ta fi injiniyoyi uku na ofishinsu.

Na naɗa wayar a jikin sandar sau biyu. Waya ce mai taurin kai, ina sakin ta ta warware, ta tsaya tana ɗan taɓa sandar kamar ba ta so. Na tura ƙasa, na tattake, na jera duwatsu a kai.

"Kin ɗaure?"

"Na ɗaure, Kawu."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi."

Shi ke nan abin da na yi. Na sha juya shi a raina ko zan samo masa wani suna, ban samu ba. Kalma ɗaya ce da zan faɗa, a sauka mota a ɗauko wani notin, ko a dawo washegari. Ban faɗa ba.

Da muka isa gida rediyon ya yi kukansa, lambobi suka fito. Kawu da ciwon bayansa har da ƙoƙarin miƙewa tsaye. Abokansa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa su ma sun kama, wani ma daga can ƙarshen gari. Anti ta leƙo ta ce to Allah ya sa alheri, a zo a ci abinci.

Bayan kwana biyu na samo noti irinsa sak a gwangwanin tarkacen Kawu. Na sa shi a jakata tare da ƙaramar sifana. Dabarata ita ce in muka sake hawa, in faki idonsa in tono in ɗaure, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Mun hau sau biyu. Duka biyun a gindin bututun ya tsaya yana duba akwati har muka sauko. Ruwa ya fara sauka, amma ba mai tsawa sosai ba, ni kuma na riƙa cewa ai akwai lokaci.

Wata Talata Inna ta zo da nono, ina auna mata kwano ta ce, "Ke 'yar birni, me kuka binne a gindin sandar nan taku? Shanu sun ƙi barin wurin. Lasa suke yi kamar an ba su kanwa."

Na ce gishiri ne.

"Ai na faɗa. Yanzu can na mayar da zamana, a kan dutsen nake kaɗa nono, in sun matso in kore su. Wurin ma da iska mai daɗi."

Na yi dariya don ta yi.

Sai aka tura Kawu kwas Legas na sati biyu. Ya tafi ranar Lahadi. Na ce madalla, Asabar mai zuwa Anti na gida, zan ce mata zan je gaishe da Inna, in hau in gyara. Tun Litinin gari ya lumshe, ba rana, sai yayyafi da rugugi daga nesa. Talata Inna ba ta zo ba saboda ruwa. Laraba ma haka garin ya wuni.

Ranar Alhamis bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ina ɗakin rediyo ina kallon lambar iska tana hawa. Na yi abin da Kawu ya koya min, in hadari ya matso a zare wayar eriyar gida daga babban rediyo, a kashe kwamfuta, a kunna 'yar rediyon hannu. Ita ba ta nuna lambobi, amma tana jin kukan akwatin, tunda daga barandarmu ana hango tudun. Na ji kukan sau ɗaya. Na fita da gudu in kwashe kayan da na shanya a baranda.

Ina riƙe da zanen gado na ga tsawar. Fara fat, miƙaƙƙiya, ta sauko a kan tudun. Ban ko ƙifta ido ba ƙarar ta iso. Tagogi suka girgiza, motar maƙwabta ta kama kuka, ni kuma na tsinci kaina a tsugune da zanen a kaina ina innalillahi.

Na koma ɗakin na ɗauki 'yar rediyon, na kafa wa agogon bango ido. Minti goma ya cika, ba kuka. Na ce ko ni ce na yi kuskuren lissafi. Ashirin. Na ƙara murya har ƙarshe, sai shuu kawai. Talatin.

Na kira Kawu, wayarsa a kashe, yana aji. Na nemi Anti, sabis ya ɗauke. Kuma ko na same ta me zan ce? Ruwan bai gama tsayawa ba na zura hijabi, na ɗauki jaka, na kulle gida.

A bakin titi 'yan acaɓa sun fake a rumfar mai faci. Ɗaya, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya ce, "Madam, ina za ka je cikin ruwa nan?" Na faɗa masa. Ya ce hanya can ba kyau, tifa sun ɓata shi, sai dai ya kai ni bakin rafi. Na ce ya kai ni duk inda zai iya. A hanya yana ta ba ni labarin yadda ruwa ya shiga ɗakinsa, ni ban san me nake amsa masa ba. A bakin rafin ya tsaya. Ruwan ya yi ja, yana gudu, ya kai min gwiwa. Na cire takalmi na riƙe a hannu na tsallaka. Ya kira ni daga baya ya ce in yi hankali, wai oga, maigidana, ba zai ji daɗi ba.

Hawan nan ba zan iya faɗin yadda na yi shi ba. Abu ɗaya nake gani, Inna a kan dutsen da ƙwaryarta a gaba, shanu kewaye da ita. Na san za ta iya tashi da ruwa ya fara, amma kuma na san wanda ke korar shanu ba ya tashi da wuri. Ina hawa ina zamewa, ina karanta duk abin da ya zo bakina, rabin wannan addu'a rabin waccan. Kuma ina kasa kunne, don na san in an yi rashi a ruga tun daga nesa ake jin mata.

Da na kusa, abin da na fara ji kukan saniya ne. Sai kuma wani sauti, dum, dum, dum. Na tsaya cak. Daka ce. Wata ce ke daka a turmi, a natse, ba gaggawa. Na ce a raina ba a daka a gidan da aka yi mutuwa yanzu-yanzu. Na riƙe wannan tunani da hannu biyu na ƙarasa.

Bututun na nan tsaye. Ludayan na juyawa. Akwatin na nan da kwaɗonsa, ba ƙuna ba hayaƙi. Amma farantin sola ban gan shi ba, an lulluɓe shi da tabarma, an ɗora wani tsohon buzu a kai, an ɗaure da igiya tam. A bakin bukka kuwa ga Inna da taɓarya a hannu.

Na zauna a cikin taɓo.

Inna ta jingine taɓarya ta taho da sauri. "Ke 'yar birni, lafiya? Wa ya rasu?"

"Inna, ku fa? Kowa lafiya? Shanu fa?"

"Mu? Me zai same mu?" Ta juya ta kira, "Malam, fito ka ga. 'Yar injiniya ce ta zo cikin ruwa ba takalmi."

Baffa ya fito da malafarsa. Na ce na ga tsawa ta faɗi a nan, da idona na gani. Ya nuna can bayan tudun da sanda, ya ce a kan wata ɗorawa ta sauka, wajen da masu fasa dutse suka bari, ta tsage reshe ɗaya. Ba mutum ba dabba a wurin. Ya ce su ma sun ji ta har cikin haƙori.

Na ce to akwatin ya yi shiru, a daidai lokacin.

Inna ta ce, "Ni ban san shirunsa ba. Amma madubin nan naku ni na rufe shi, kuma in kawunki ya zo a gabansa zan faɗa. Mutum da iliminsa, ya kafa madubi yana kallon sama da damina, a ƙofar ɗakina. Ko ɗan madubin da nake sa kwalli, in hadari ya haɗo kifa shi nake yi in rufe da zane. Haka uwata ta yi, haka tata uwar ta yi. Kwanon sha ma mai ƙyalli ba na bari a waje."

"Tun yaushe kika rufe, Inna?"

"Kullum in hadari ya taso nakan rufe, in ya wuce in buɗe. To tun Litinin garin nan bai washe ba, ina zan buɗe?"

Kwana huɗu ba hasken rana. Batirin ne ya yi ta tsotsar kansa har ya ƙare, kuma bai tashi ƙarewa ba sai a wannan sa'a. Na fara dariya, dariyar ta juye kuka, na kasa tsayar da ko ɗaya. Inna ta ce wa Baffa yarinyar nan ta sha ruwa a ka.

Da na samu numfashi na faɗa musu. Ban shirya ba, fitowa kawai ta yi. Na ce akwai wata waya a ƙarƙashin duwatsun can da Kawu ya ce in ɗaure ban ɗaure ba, na ce masa na ɗaure.

Baffa ya ce, "Ai mun gani."

Ya wuce gaba na bi shi. Shanu sun watsar da duwatsun, sun tone ramin da baki da kofato. Ga kan sandar jan ƙarfe a fili, ga wayar can gefe, tsakaninsu ya fi taƙi guda.

"Tun makon jiya suka tono ta. Na ce da tsohuwar nan, in maraƙi aka yi wa irin wannan ɗauri, da yanzu ya kai Karshi."

"Wace ce tsohuwa?" in ji Inna daga bayanmu. "Ni da ka same ni ina tallan nono kana da furfura?"

"To amarya," in ji Baffa, ya juyo gare ni. "Amma kawunki ya ce kada a taɓa wayoyi, ni kuma ban san aikinta ba. Na ce ko haka ake barin ta."

Sai na faɗa musu aikinta, yadda Kawu ya faɗa min, ban rage komai ba. Na ce da tsawar nan ta zaɓi bututun ba ɗorawa ba, da ba ta tarar da hanya ba.

Inna ta dubi ramin, ta dubi dutsen da take zama, taku uku ne tsakani. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe," ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"Ranar da na ce miki can nake zama, kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Kika yi dariya."

Ta ci gaba da cewa:

"Da kin raɗa min a kunne, ni da ke, da na san inda zan zauna. Ba sai kawunki ya ji ba. Kunyarsa kika ji, 'yar nan, tawa ba ki ji ba."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Na ce ta yafe min. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, in tashi in yi abin da ya kawo ni.

Baffa ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce hadarin ya wuce, ba zai dawo ba sai dai gobe, amma in yi sauri. Na fito da notin da sifana. Na goge kan sandar da bakin wayar da yashi har suka yi ja. Baffa ya shimfiɗa malafarsa a ƙarƙashi, ya ce in notin ya sake faɗuwa a ciki zai faɗa. Ya danne min wayar da ƙafa. Na ɗaure, na ƙara, na sa duka hannu biyu na ƙara.

Ya ce, "Matsa in gani." Ya kama wayar ya ja da ƙarfinsa har ya ɗan yi baya. Ba ta motsa ba. "To. Wannan ko bijimi."

Muka mayar da ƙasa. Ya saro rassan ƙaya ya kewaye wurin, ya ce gishirin nan shanu sun ci rabonsu, ya isa.

Inna ta ba ni busasshen zane na ɗaura, ta ɗumama madara ta miƙo min. Ina sha na ce mata farantin nan ba madubi ba ne, hasken rana yake sha ya ba akwatin, in an rufe shi akwatin yunwa yake ji.

Ta ce, "Na ji. In gari ya washe zan buɗe masa ya sha. In hadari ya taso zan rufe. Ke da kika bar taki wayar a sake, ni ce dai na tsare wurin nan yau."

Rana ta ɗan leƙo ta yamma, ta kwance igiyar da kanta ta naɗe tabarmar. Baffa ya raka ni har rafi, ruwan ya ragu, ya tsaya sai da ya ga na haye.

Na riga Anti isa gida. Bayan magariba na samu Kawu a waya. Na faɗa masa daga farko, tun daga notin. Ya yi shiru har na duba ko katin ne ya ƙare.

"Kawu?"

"Ina ji. Kowa lafiya, kin tabbata? Kin ga Inna da idonki?"

"Na gan ta. Har madara ta ba ni."

"Alhamdulillahi. Sunana ne a lasisin nan. Ni ya kamata in ja wayar da hannuna kafin a rufe ramin, ko da rarrafe ne. Wannan nawa ne. Naki kuma kin san shi."

"Na sani, Kawu."

"To ba sai na ƙara ba."

Ya ce in ya dawo za a tumɓuke bututun a mayar da shi can bayan dutsen, nesa da bukka da hanyar shanu, in ɓarayi sun ga dama su ɗauki batirin. Sannan ya tambaye ni to me ya kashe akwatin. Da na ba shi labarin tabarma da buzu, ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe shi ya sa abokansa ke ta damunsa da saƙo wai tasharsa ta mutu. Ya ce lambar batirin tana cikin waɗanda bai koya min ba, da na iya karanta ta da tun Talata na ga tana sauka. Tabarma kuma a bar Inna da abarta, zai ƙara batir na biyu.

Anti a tsaye take a bakin ƙofa, duk ta ji. Sai ta ga ƙafata, ashe na yanke a dutse ban sani ba. Ta kawo ruwan zafi da gishiri tana wankewa tana cewa, ita dai tun farko ta san ofishin nan sai ya jawo magana.

Washegari da hantsi rediyon ya yi kukansa. Ina shara na ji, na zauna a kan kujera na daɗe ban tashi ba.

Jiya Talata Inna ta zo. Tun daga kan kwana na jiyo muryarta tana ciniki da matan layin, tana ce wa wata in ruwa take so ta je famfo, ita nono take sayarwa. Na fita ba ko mayafi na tare ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce na rame, ko a birni ba a ba mutane abinci ne. Na kama mata ƙwaryar za mu sauke, hannuna ya sauka a kan nata, da ɗuminsa da awarwaronta. Ƙwaryar ta kai ƙasa ban saki ba.

Ta ce, "Sake ni mana, 'yar nan. Ɗauko kwano, ina da sauran gidaje."